Shekarar da Na Ƙi Tashi a Filin Jugu

Nasiru ne ya sa ni rubuta wannan babi, jikana na wajen Hadiza. Ranar sunan ɗan Bashir ɗin gidanmu, wani tsoho da haƙoransa suka ƙare amma bakinsa bai mutu ba ya kama yaron ya ce masa, ai kai jikan Na-Gwaggo ne, wanda aka kaɗa wa ganga a Jugu ya ƙi tashi. Yaron ya zo ya same ni fuska a murtuke, wai da gaske ne na gudu daga kokawa. Ban gudu ba. Zama na yi daram a gaban jama'a kowa yana kallona, kuma da gudun na yi da ya fi min sauƙi. Amma sauran maganar tsohon gaskiya ce, an kaɗa min takena ban tashi ba. Tun da labarin ya kai kunnen jikoki, gara ku ji shi daga bakin mai kafaɗar, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A lokacin Dahome ake ce wa ƙasar nan, Faransawa ba su daɗe da sauke tutarsu ba. Mu a Zangon Paraku ba mu ga wani babban canji ba, sai dai waɗanda ke zaune a ofis, shanu kam suna nan yadda suke. Jirgin ƙasa daga Kotonu a garinmu yake ƙarewa, ya huta, a loda masa dabbobi da buhuna ya koma inda ya fito. Babana dillalin shanu ne a kara, Kawu Bawa kuma, ƙanin Inna, mahauci ne, don haka tsakanin igiya da wuƙa na tashi. Ina iya rufe ido yanzu in ga Zangon nan da la'asar sakaliya: luguden doya yana tashi daga kowane gida, Fulani mata suna komawa ruga da sauran cukunsu na wagashi da ba su sayar ba, hayaƙin tsiren Kawu ya tare bakin titi, tsofaffi a gindin ɗorawa suna gardamar farashin goro da Hausa da Dendanci, in rai ya ɓaci a ƙarasa da Faransanci. Yawancin mutanen nan sun riga mu gidan gaskiya, ɗorawar ma an sare ta an yi shagon gyaran babur a wurin.

Ni ne ɗan fari, kuma sunan kakana aka sa min. Ku 'ya'yan yanzu da ubanku ke ɗora ɗan farinsa a wuya yana kiran sunansa a tsakiyar kasuwa ba za ku gane wannan ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. "Kai" nake, in kuma da wani yake magana, "wancan yaron". Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka muka tarar. Ba ma cin abinci kwano ɗaya, ba ma hira, in yana da saƙo ta bakin Inna yake zuwa. Abin da na sani game da shi daga nesa na san shi, kamar yadda kowa ya sani: a samartakarsa shahararren ɗan kokawa ne, Audu Dutse ake ce masa, kuma hannunsa na dama ba ya wuce ƙirjinsa. In zai ta da kabbara, hagu ya kai kunne, dama ya tsaya a hanya. In zai ci tuwo, kansa yake sunkuyarwa ya tarbi loma. Inna ce ke sa masa babbar riga kullum da safe a cikin ɗaki. An ce mana wani sa ne ya make shi da garu tun kafin a haife ni, ba wanda ya ƙara tambaya.

Kowace shekara bayan kaka, in an haƙe doya an yanke dawa, samarin Zangon Paraku da na Jugu sukan kara a kokawa. Bana su zo, baɗi mu je. Shekaru a jere suna ba mu kashi, har ta kai ɗan Paraku ba ya iya sayen goro a kasuwar Jugu ba a tambaye shi lafiyar bayansa ba. A shekarar da nake ba ku labari ni ne Zango ya sa wa ido. Ina wajen ashirin, gajere, mai faɗi, kafin a ɗaga ni daga ƙasa sai an yi da gaske, shi ya sa makaɗinmu Ɗan Tani ya sa min Turmi. Kawu Bawa shi ke horar da mu. Da an idar da asuba zai kora mu rafi da gudu, mu ciko buhuna da yashi mu dawo da su a wuya, mu yi ta tsallen kwaɗo har ƙafa ta daina jin magana, sannan a shiga kama juna. Da rana kuma ga aikin kara, kama sa da kayar da shi, wanda shi ma horo ne ba wanda ya biya ka.

Duk wanda bai yi irin wannan ba bai san tsamin jiki ba. Ranar da ka yi aikin lafiya lau za ka kwanta, kana ma cika baki. Sai gari ya waye ka nemi tashi ka ji kamar an yi maka dukan ɓarawo. Cinyoyi biyu, damatsa biyu, baya, har wani naman da ba ka san kana da shi ba. Tsugunno a bayan gida ya zama sai ka dafa garu kana salati. Washegari ma ya fi. Inna za ta tafasa ruwa da ganyen dogon yaro, ta tsoma tsumma ta gasa maka jiki kana ihu ƙasa-ƙasa, ta bi da man kaɗanya ta murje ka kamar ƙullin alkama. Kawu kuwa magana ɗaya gare shi, tsami da tsami ake kashe shi. Kuma gaskiyarsa ne. Ka fara gudu kana ɗingishi, kafin ka kai rafi gumi ya keto, jiki ya saki, ka manta. Kwana biyu uku ya wuce, buhun da ya gagare ka jiya ya zama abin wasa. Wallahi har yau ina kewar wannan tsamin. Ciwon da nake kwana da shi yanzu na tsufa ne, ba ya ƙara wa mutum komai.

Inda muka kuskure, mu duka har Kawu, shi ne suna ɗaya muke ba kowane ciwo, magani ma ɗaya. Muddin ƙashi bai leƙo waje ba, tsami ne: a gasa, a murza, a koma fili. Wanda ya ce nasa ya wuce tsami, to, ya nemi zane ya ɗaura.

Ana saura 'yan kwanaki mu tafi Jugu aka kawo wani jan sa na Bororo kara, mai ƙaho kamar an buɗe hannuwa. Ni na riƙe igiyar, na naɗe ta a hannun dama yadda na saba. Wani yaro ya buga gwangwani a bayansa, san ya fizga da dukan ƙarfinsa lokacin da hankalina ke wani wuri. Ban faɗi ba, ban ma saki igiyar ba. Amma na ji wani abu a can cikin kafaɗa ya yi ɗas, kamar zare ya tsinke, zafi ya biyo baya nan take. Da yamma na gaya wa Kawu. Ya danna wurin, na yi tsalle, ya yi dariya ya ce tsami ne ya taru wuri ɗaya. Ya sa aka tafasa ruwa, shi da kansa ya gasa min, ya kama hannun ya ja, ya juya shi gaba da baya wai yana warware jijiya. Da safe kafaɗar ta kumbura ta yi sumul. Na fita horo duk da haka, ina jiran gumi ya keto ciwon ya saki kamar kullum. Gumi ya keto, ciwon bai saki ba, kowane kamu sai ya ƙaru. Na ja bakina na yi shiru, na koma kama abokaina da hagu ina cewa sabuwar dabara nake gwadawa.

Ranar tafiya muka cika kamiyo guda, babbar motar kaya, 'yan kokawa da 'yan rakiya a baya bisa buhunan gishiri, Baba a gaba kusa da shofer. Ɗan Tani yana kaɗa ganga tun daga Paraku, duk ƙauyen da muka ratsa yara su biyo mu da gudu. Jar hanyar nan ta Jugu kuwa duk ramuka ce, kowane rami sai na ji shi a kafaɗa kamar an soka min tsinke. Ina dariya da kowa, ina amsa kirari, haƙorana a cije.

Sauran samari aka sauke su a gidan mai masaukinmu, ni da Baba muka wuce gidan Gwaggo Hajo. Yayar Baba ce uwa ɗaya uba ɗaya, an aurar da ita Jugu tun tana yarinya ga wani Badende mai fataucin goro, ya rasu ya bar ta da gida da sana'ar man kaɗanya. Doguwa ce, baki jajir da goro, ba ta tauna magana kafin ta faɗe ta. Ita kaɗai ce na taɓa gani ta ce wa Baba ya yi shiru ya yi. Da yake sunan mahaifinta gare ni, Babana take ce min, kuma duk son da iyayena ba su da damar nuna min ita ke nunawa a fili ba kunya. Baba ya ci abinci ya fita gaishe-gaishe. Ni ta ajiye min sakwara da miyar gyaɗa a tsakar gida, ta zauna a kan kujerarta tana min hirar mutanen da ban sani ba. Ina cikin ci na ji hirar ta tsaya. Ban lura ba ashe sunkuyar da kai nake ina tarbar loma.

"Babana, ɗauko min ƙwaryar can ta kan ragaya."

Na tashi na miƙa hagu na ɗauko.

"Da hagu ake miƙo wa uwa abu a Paraku yanzu? Mayar. Ɗauko da dama."

Na mayar. Na ɗaga dama, ya kai daidai ƙirji, ya ƙi gaba. Na ce mata tsami ne, Gwaggo, horo ya yi yawa, dukan jikina haka yake. Ta ce to, in nuna mata inda ke tsamin. Na shafa cinyoyina da tafin hannu, don da gaske suna yi. Ta gyaɗa kai ta ce wannan nawa ne, da gumina na saye shi, gobe ma zai tafi. Sai ta ce in nuna mata na kafaɗar. Ban yi tunani ba na ɗora ɗan yatsa ɗaya a daidai wurin, gaba kaɗan da inda ƙashi ya haɗu.

"Ka gani? Tsami da tafin hannu ake nuna shi, don ba shi da gida, yawo yake cikin nama. Abin da ka nuna da yatsa ɗaya, wannan ya riga ya yi gida."

Ta shiga jero min tambayoyi kamar alƙali. Yaushe ya zo, a take ko sai da na kwana? Na ce a take. Ɗayar kafaɗar tana yi? Na ce a'a. In na yi gumi yana saki? Na ce ƙaruwa yake. In na juya a kansa cikin barci fa? Na ce tashe ni yake. Ta sa na tuɓe riga ta ga kumburin, ta taɓa ta ji ɗumi, ta tambayi wanda ya gasa. Da na ce Kawu Bawa, sai ta yi wata magana da Dendanci da ba zan rubuta ta a littafin da jikoki za su karanta ba.

Daga nan ta ɓare goro ba ta ci ba. Sannan ta ba ni labarin da ba a taɓa ba ni ba. Ba wani sa da ya make Baba da garu. A nan Jugu abin ya faru, a wannan filin da za mu shiga gobe, tun zamanin Faransawa. Ya faɗi a kan kafaɗa wajen horo, ya iso gidanta da ita a kumbure kamar tawa. Ita ce ta tafasa ruwa, ita ta gasa masa safe da yamma, ita ta ce masa ya daure shi namiji ne, don a lokacin iyakar saninta ke nan. Ya shiga fili. Abokin karawarsa ya gane hannun da yake ɓoyewa, ya kama shi ya rataya a kai. Na ce mata, shi ke nan aka kayar da shi?

"Wa ya ce maka? Shi ya kayar. Ya ɗaga mutumin ya buga da ƙasa, aka ɗauke shi a wuya aka zaga gari da shi. Har yau in ka ce Audu Dutse a kasuwar nan za a ba ka wurin zama." Ta jefa goron a baki. "Tun ranar bai sake sa riga da kansa ba."

Ta ce shi ya ƙago zancen san da ya make shi, don kada a ce nasarar ta yi tsada. Ta ce shekarun da suka biyo baya ta gasa jikin 'yan kokawa ba iyaka, duk wanda ya zo sai ta fara cewa ya nuna mata, a haka ta koyi abin da ta koya, a makare. Ba ta ce kada in shiga ba. Cewa ta yi hannu nawa ne, suna ma nawa ne, in zaɓa. Amma ruwan zafi kam ba a gidanta ba. Ta tsoma zane a randa ta matse ta ɗora min, sanyin ya ratsa ni, karo na farko ke nan da na ji sauƙi tun ranar jan sa.

Da safe na zaga bayan gida inda ba kowa, na gwada ɗaga tulun ruwa da hannu biyu. Sai da na ga taurari. Na je na sami Kawu na gaya masa komai, ban da labarin Baba. Bai ko ɗago ba, yana ɗaura wa wani laya a damtse.

"Bon. Ka shiga kawai, da jini ya ɗau zafi ba abin da za ka ji. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Nan ma gaskiyarsa ne, na san in ganga ta shige ni ba zan ji komai ba sai bayan an gama. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Baba kuwa ba hanyar da zan bi in yi masa wannan magana, ba mu saba ba, kuma Inna tana Paraku. Na ɗaura bante da layu, na zura riga a kai, na bi ayari zuwa fili ban san abin da zan yi ba.

Ban sake ganin taro mai daɗin wannan ba. Mutane sun zo daga Seru da Onklu da Kolokonde, wasu a ƙafa wasu a keke, yara sun cika rassan itatuwa, mata suna sayar da ƙosai da kunu a gefe. Aka fara da ƙanana, mu kayar su kayar. Rana ta sunkuya, aka zo kan babban kamu. Nasu ya fito, wani manomin doya daga wajen Kolokonde da makaɗansu ke kira Gungume, ya zaga fili yana watsa ƙasa. Na dube shi da kyau, kuma har gobe ina ganin da kafaɗa biyu zan iya da shi. Sai Ɗan Tani ya juya gangarsa gare ni ya saki takena, Turmi sha lugude, Turmi ka ga bayan taɓarya. Mutanen Paraku suka ɗauka baki ɗaya. Ƙafafuna da kansu suka fara tattaruwa za su miƙe.

Sai na hango Baba a ɗaya gefen, a kan buzunsa cikin manya. Wani dattijon Jugu ya zo gaishe shi, yana kiran Audu Dutse da murna, ya miƙo hannu. Baba ya sa hagu ya tallafo gwiwar hannun damansa, ya ɗaga shi, ya miƙa. Sau dubu na ga ya yi haka, duk rayuwata na ɗauka ladabi ne irin na manya. Ranar na ga ɗaukar hannun yake yi, kamar kayan wani. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Na saki ƙafafuna, na gyara zama.

Ɗan Tani ya sake kaɗawa, ya matso har gabana yana kaɗawa. Fili ya fara yin tsit. Kawu ya ratso ya sunkuyo kaina.

"Tashi mana."

"Kawu, ba zan shiga ba. Ciwo ne a kafaɗar, ba tsami ba ne."

"In ji wa?"

"In ji Gwaggo."

Da na ce in ji kafaɗata, da yau wani sunan kuke ji. Amma abin da ya fito ke nan, kuma ya fito da ƙarfi, a kunnen maroƙin Jugu da ke tsaye kusa. Kafin in rufe baki ya mayar da maganar waƙa, Na-Gwaggo, Gwaggo ta hana, makaɗansu suka ɗora ganga a kai, filin nan kaf ya kwashe da dariya har da wasu namu. Abokina Ilu ya tuɓe ya shiga a madadina don kada a ce Paraku ba maza, Gungume ya nannaɗe shi kafin a ƙifta ido. Ina zaune ina kallon ƙasa, amma ta wutsiyar ido na ga Baba ya miƙe, ya naɗe buzunsa ya sa a hammatar hagu, ya fita bai waiwayo ba. Ana cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Masu faɗin haka ba su taɓa zama ana rawa da sunansu ba.

Kamiyo ya koma Paraku ba ni. Na zauna wurin Gwaggo har gab da azumi. Ta rataye min hannun a wuya da tsohon mayafinta, ta kai ni dispanser, ɗan asibitin garin, ma'aikacin wurin ya latsa ya duba ya faɗi da Faransanci abin da ta riga ta faɗa da Hausa, a ɗaure a huta. Kwanakin farko ko ƙofar gida ba na leƙawa, don yaran unguwa sun iya waƙar. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, ƙato da ni, a ɗakin da take ajiye ƙwaryar mai. Gwaggo ba ta rarrashe ni ba, aiki ta ba ni. Da kumburi ya sauka sai ta kwance mayafin, ta sa ni tsayawa gaban garu ina hawa da yatsu kamar gizo, kullum a ƙara kaɗan, in na ji tsinken nan in tsaya. Daga baya ta ba ni tsintar ƙwarar kaɗanya, daga nan ɗaukar ƙaramin tulu, daga nan ta miƙa min muciya in tuƙa mata mai a babbar tukunya. Na wuni ina tuƙi. Washegari na farka damatsana biyu sun yi tsami, irin na da, mai daɗin nan. Na fito tsakar gida ina murmushi kamar wawa, ta ce lafiya, na shafa mata su da tafin hannu, dama da hagu. Ta yi dariya har goronta ya faɗi, ta ce in tattara in tafi gidan ubana, na cinye mata doya.

Sunan ya riga ni isa Paraku. A kara, a masallaci, a bakin tsiren Kawu, Na-Gwaggo. Ilu ya daɗe ba ya amsa sallamata. Baɗi da aka fara horo Kawu bai aiko a kira ni ba, ni ma ban je ba, kuma ban sake shiga fili ba har yau. Wannan ita ce tsadar, kuma ba ƙarama ba ce. Shekaru da yawa in na ji gangar kokawa bayan kaka sai in nemi wani aiki a bayan gari. Amma duk wannan bai kai shirun Baba ciwo ba. Da ma ba ma hira, amma da in na gaishe shi yakan dube ni. Yanzu sai ya amsa yana kallon wani wuri. Haka muka yi azumin nan gaba ɗaya, gida ɗaya.

Ranar Sallah da safe ina tsakar gida ina wanke ƙafa, Inna ta fito daga ɗakinsa ta wuce madafa. Sai na ji muryarsa daga ciki.

"Na-Gwaggo."

Na tsaya da buta a hannu. Na ce a raina, yau kuma har shi. Na shiga da sallama na durƙusa. Yana tsaye, babbar rigarsa ta Sallah a saɓe a hannun hagu, ba komai a jikinsa sai wando. Ban taɓa ganin kafaɗar nan a buɗe ba. Ta shige ciki, ta bushe, damtsen kamar na yaro ɗan shekara goma, a jikin mutumin da ya ɗaga ƙato ya buga da ƙasa. Ya miƙo min rigar.

"Sa min."

Na miƙe na buɗe ta, na ɗaga da hannu biyu sama da kansa na zura masa, na gyara wuya, na naɗe masa hannuwan a kafaɗa yadda na ga Inna ke fito da shi. Ba rigar yake kallo ba, hannuna na dama yake bi da ido.

"Ɗaga shi in gani."

Na ɗaga.

"Har sama."

Na miƙe shi har yatsuna suka taɓa azara. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce alhamdu lillahi, a hankali, kamar ba da ni yake ba. Ya ce in ɗauko masa buzu mu tafi kada a ta da salla ba mu.

Bai taɓa yi min zancen Jugu ba, ni ma ban taɓa nuna masa na san labarin san nan da babu shi ba. Amma daga ranar har ya bar duniya ni ke sa masa riga, kuma kullum da safe da wannan sunan yake kirana daga ɗaki. Nawa na yanka ba zai iya faɗa ba, na ubansa ne. Wannan kuwa maroƙin Jugu ya ba shi kyauta.

Don haka Nasiru, kai da kake dawowa daga ƙwallo kana jan ƙafa kana ce wa uwarka tsami ne, ka san dalilin da nake tsare ka a zaure in ce ka nuna min. In da tafin hannu ne, je ka, gobe ma ka koma. In da yatsa ɗaya ne, za ka zauna ko duniya za ta yi waƙa da kai. In kuma ka sake haɗuwa da tsohon nan marar haƙori ya ce maka jikan Na-Gwaggo, ka amsa masa da kyau. Shi kaɗai ne sunan da na taɓa ji a bakin ubana.